Dish, eriya ko waya: wanne zai kawo hoton HD na gaskiya a Kaduna?

Magidanci ya sayo talabijin mai inci 50, an kafe shi a bangon falo, an kunna, sai ga fuskar mai karanta labarai ta yi hazo-hazo, lambar da ke bayan rigar ɗan ƙwallo ba ta karantuwa. Nan take zargi ya koma kan mai shago. Sau da yawa kuwa talabijin ɗin lafiyarsa ƙalau. Hoton da ake ɗura masa ne ƙarami, shi kuma ya baje shi ya cika fuskarsa, duk aibin hoton ya fito fili. Don haka kafin a kashe kuɗi, abin tambaya shi ne ta wace hanya hoton zai iso gidan.

A Kaduna duk mai biyan kuɗin kallo cewa yake yana da kebul, DStv ne ko GOtv ko StarTimes. Kebul na asali kuwa waya ce da kamfani yake ja ta kan turaku ko ta ƙarƙashin ƙasa, ta shiga gida-gida kamar wayar lantarki. A Amurka ya samo asali a ƙarshen shekarun 1940, a garuruwan da duwatsu suka tare wa sigina: a kafa eriya ɗaya a kan tudu, a rarraba waya zuwa gidaje. Ba da irin wannan shimfiɗa ta gari guda muke kallo a nan ba. Abin da ke gaban mai saye a Malali ko Rigasa ko Sabon Tasha shi ne dish mai kallon tauraron ɗan'adam, ko eriya mai kallon dogon ƙarfen watsa shirye-shirye na cikin gari, ko wayar rabo irin ta otal da rukunin gidaje, ko kuma intanet. GOtv, da ya fara aiki a Najeriya a 2011, na eriya ne. DStv na dish ne. StarTimes, da ya shigo a 2010 da haɗin gwiwar NTA, yana da na eriya yana da na dish, kuma dikodar kowanne daban, sai a kula wajen saye.

Mene ne HD ɗin ma?

Hoton talabijin ɗigo-ɗigo ne aka jera. Wanda muka taso da shi, SD, ɗigo 720 ne a kwance, 576 a tsaye. Ƙaramin HD 1280 ne da 720. Cikakken HD 1920 ne da 1080, ninki biyar cif na ɗigon SD. Kafin wannan hoto ya kai idonka sai abu biyar sun haɗu: tashar da kanta tana watsa HD, tsarin da ka biya ya ƙunshi tashar, dikodarka tana iya buɗe shi, wayar da ta haɗa dikoda da talabijin HDMI ce, talabijin ɗin kuma yana da ɗigon da zai nuna. Ɗaya ya ɓalle, sauran huɗun sun tashi a banza. Wadda aka fi yin sakaci da ita ita ce wayar. Wayar nan mai kai uku, rawaya da ja da fari, SD kaɗai take iya ɗauka, komai tsadar dikodar da aka jona ta. A sa HDMI, a shiga saitin dikoda a zaɓi 1080i da faɗin 16:9.

Girman talabijin da nisan kujera su ma suna da ta cewa. Ido lafiyayye yana rarrabe ɗigon cikakken HD ne idan nisansa bai wuce ninki uku na tsayin fuskar talabijin ba. Mai inci 32 tsayin fuskarsa santimita 40 ne, kuma yawancin masu araha ɗigonsu 1366 ne da 768. Wanda ke zaune mita uku daga irin wannan da wuya ya ga bambancin da zai biya kuɗin sabulu. Mai inci 55 kuwa, a mita biyu zuwa uku, bambancin ba ya ɓoyuwa ko ga yaro.

Dalilin da ya sa dish ya fi eriya yalwar HD

Maganar wuri ce. Kowace tashar HD tana cin kamar megabit 5 zuwa 8 a daƙiƙa, SD kuma 2 ko 3 sun ishe ta. Layi ɗaya na watsawa ta eriya, a fasahar DVB-T2 da ake amfani da ita a Najeriya, faɗinsa MHz 8 ne, abin da yake ɗauka bai wuce megabit 40 ba, kuma layukan da aka ba kowane kamfani 'yan kaɗan ne. Kamfani zai zaɓa: tashoshin HD biyar ko shida a layi, ko na SD goma sha biyar. Tunda da yawan tasha ake jan masu saye, na biyun ake ɗauka. Shi ya sa mafi yawan abin da ke zuwa ta eriya SD ne, ko da an rubuta HD a jikin kwalin dikodar. Dikodar tana baje hoton ya cika 1080, amma ba ta iya ƙirƙiro ɗigon da ba a turo ba. Tauraro kuwa yana da irin waɗannan layuka gomomi, kowanne ya fi na eriya faɗi, don haka akwai wurin zuba HD. Idan HD ne ainihin abin da kake nema, musamman na ƙwallo, inda ciyawa da gudun 'yan wasa suke tona asirin hoto mai rauni, hukuncinmu dish ne. Sai dai dish yana da sharuɗɗansa, kuma a nan ne aikin yake.

Dish a sararin Kaduna

Taurarin talabijin suna nisan kilomita 35,786 a saman layin da ya raba duniya arewa da kudu, suna zagaye daidai da juyawarta, shi ya sa dish yake tsayawa wuri ɗaya. Kaduna tana kusan digiri 10.5 arewa, 7.4 gabas. DStv yana zuwa mana daga tauraron Eutelsat da ke digiri 36 gabas: daga Kaduna tauraron yana gabas, ya ɗan karkata kudu, wajen digiri 109 a kamfas, ya ɗaga sama kamar digiri 55. Wanda ya fuskanci alƙibla, ya juya hannun dama kamar digiri 40, ya kusa. Dish ɗin StarTimes kuwa SES-5 yake kallo a digiri 5 gabas, wanda yake kusan tsakar kanmu, digiri 77 sama, ta kudu. Shi ya sa za ka ga wannan dish ɗin ya kwanta baya kamar faranti, wancan ya fi miƙewa. Dish ɗaya da kai ɗaya ba zai kama duka biyun ba.

A digiri 55, duk abin da ya ɗara dish ɗin tsayi da mita 10 sai ya yi nisan mita 7 ko fiye kafin ya bar hanya. A duba mangwaro da darbejiyar maƙwabta da idon shekara biyu masu zuwa, don reshen da bai tare yau ba zai tare baɗi, jiƙaƙƙen ganye kuma ya fi busasshe shanye sigina.

Babban aibin dish ruwan sama ne. Siginar tana zuwa a zangon Ku, tsakanin GHz 10.7 da 12.75, kuma ɗigon ruwa masu kauri suna shanye ta. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, can ne kuma dish ɗin DStv yake kallo, shi ya sa hoto yake kakkaryewa tun ruwa bai sauka a unguwa ba. Daga Mayu zuwa Oktoba, musamman Agusta da Satumba, sai an yi haƙuri da 'yan mintoci. Babu dish ɗin gida da zai hana ɗaukewa a ruwa kamar da bakin ƙwarya, amma girma yana rage ta sosai. Dish mai santimita 90 faɗin fuskarsa ya ninka na mai 60 sau biyu da kwata, ƙarin kusan dB 3.5 ke nan a ma'aunin ƙarfin sigina. Wannan rarar ce take riƙe hoto a yayyafi da matsakaicin ruwa, ta kuma dawo da shi da wuri bayan babba. Tashoshin HD a wasu layukan su suke fara ɗaukewa, don sun fi buƙatar tsabtatacciyar sigina. Ga mai neman HD a Kaduna, 90 muke ba da shawara.

Babban dish kuma yana da nasa hali: ganinsa ya fi tsukewa. Mai santimita 90 bai wuce digiri biyu yake gani ba, ya goce da digiri ɗaya rabin ƙarfin ya tafi. Iskar farkon damina da ke yaye rufin kwano ba za ta bar dish ɗin da aka ɗaura da ƙusa a jikin katakon rufi ba. A kafa shi a bangon bulo mai ƙwari ko a ginshiƙin kankare, da noti huɗu masu buɗewa a cikin rami, ko a binne bututun ƙarfe a ƙasa da siminti. Wurin da hannu zai kai ya fi ƙololuwar rufi, don tauraron da ke nisan dubban kilomita bai damu da ƙarin mita uku ba. Hazon hunturu ba ya cutar da sigina kamar ruwa, sai dai a riƙa goge ƙurar da ta taru a murfin LNB, wato ɗan kan da ke bakin sandar dish. A tsakiyar Maris da ƙarshen Satumba kuma, wajen ƙarfe goma na safe, rana tana bi ta bayan tauraron DStv, hoto ya iya rawa na 'yan mintoci. Kada a taɓa dish ɗin, da kansa zai dawo.

LNB shi ne ɗan kan da ke bakin sandar dish. Yana sauko da siginar zuwa MHz 950 zuwa 2150 don ta iya bin waya, kuma daga dikoda yake samun wuta ta cikin wayar: 13V don tashoshin da aka watsa a tsaye, 18V don na kwance. Wannan ya bayyana wata matsala da ke rikita mutane, wato rabin tashoshi su ɓace rabi su zauna. Sau da yawa wayar ce mara kyau ko doguwa ƙwarai, 18V ɗin ya zube a hanya, LNB ya kasa juyawa. A sayi waya samfurin RG6 mai zuciyar jan ƙarfe zalla da saƙa mai kauri. Gwajinsa a kasuwa mai sauƙi ne: a kanga maganaɗisu a zuciyar wayar, in ya kama, ƙarfe ne aka shafa wa jan ƙarfe, in an kankare ta kuma ta yi fari, alminiyom ce. Ko mai kyau tana zubar da dB 20 zuwa 30 a kowane mita 100, don haka a tsaya ƙasa da mita 30 in da hali, kuma kada a yi mata gami a tsakiya.

Wajen ɗaura kan waya, zuciyar ta leƙo kamar milimita 2 ko 3, kuma ko silin saƙa ɗaya kada ya taɓa ta, in ba haka ba dikoda za ta ɗauke wutar LNB gaba ɗaya. A kashe dikoda daga soket kafin a jona ko a cire. A naɗe mahaɗin waje da tef ɗin roba mai narkewa ya haɗe, a kuma lanƙwasa wayar ta yi ƙasa kafin ta shiga bango don ruwa ya ɗiga a waje. Ruwan da ya shiga waya yana bin saƙar yana sa tsatsa, sai bayan wata biyu ko uku matsalar ta bayyana. A nan yankin, LNB mai kallon digiri 36 gabas sai an murɗa shi sosai, wayarsa ta fito ta gefe, ba ta ƙasa ba. Mai ɗaurawa ya riƙa murɗawa a hankali yana kallon ma'aunin ingancin sigina, ba na ƙarfinta ba. Ƙarfi yana iya nuna 90 alhali dish yana kallon wani tauraro daban.

Gida mai talabijin biyu ko uku kada a tsaga wayar dish da marabar waya irin ta eriya, don dikoda ɗaya tana neman 13V ɗaya tana neman 18V, sai su yi ta ƙwace. A sa LNB mai baki biyu ko huɗu, kowace dikoda da wayarta. Dikodar Explora ta DStv kuma da nata LNB na musamman take aiki, kuma kamfanin yana da tsarin XtraView na haɗa dikoda har uku a kan biya ɗaya da ɗan ƙari.

Akwai kuma risiba ta kallon kyauta, wadda gidaje da yawa a Arewa suka dogara da ita don tashoshin Hausa da na addini da na Larabawa. Wanda zai saya ya tabbata tana karanta fasahohin DVB-S2 da H.265, don tsofaffin risibobi ba sa buɗe HD. Taurarin Nilesat da ke digiri 7 yamma da Arabsat da ke 26 gabas Arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya aka nufa da su, Kaduna tana gefe, sai da babban dish. Babu kuɗin wata, amma tashoshi suna sauya layi ba sanarwa, da yawansu kuma SD ne.

Inda eriya ta yi zarra

Ba a raina eriya. Siginarta a zangon UHF take, daga MHz 470 zuwa sama, ruwan sama kusan ba ya taɓa ta. Kayanta sun fi araha, mutum zai iya ɗaurawa da kansa, ɗan haya kuma ranar tashi ya kwance ya tafi da abinsa ba tare da ya huda bangon mai gida ba. A Disamba 2017 aka ƙaddamar da watsa talabijin na dijital na gwamnati a Kaduna, wanda ake kama shi da akwatin FreeTV, shi ma ta eriya.

Rauninta wuri ne. Tana son ta ga ƙarfen watsawa, ko kusa da haka. Gida a kwari kusa da kogin Kaduna, ko a bayan dogon bene, zai sha wahalar da na kan tudu bai sani ba, alhali layi ɗaya suke. Sigina ta dijital ba ta yin yashi-yashi kamar ta da. Ko dai hoto tas, ko ya daskare, ko ya ɓace. Wanda ke gefen gari, kamar Rigachikun ko Maraban Rido, ya leƙa gidan maƙwabci mai irin dikodar ya ga ma'auninsa da inda eriyarsa ta dosa kafin ya saya. A ƙauyukan da suka yi nisa da manyan garuruwa kuwa, dish ne kawai abin dogaro, don tauraro bai bambanta Kawo da ƙauyen Kauru ba.

Eriyar cikin ɗaki a ƙarƙashin rufin kwano wahala ce kawai. A fitar da ita, a ɗaga ta ta wuce rufi da mita biyu ko uku, a nisanta sandar da wayar lantarki fiye da tsawonta, don in ta faɗi kada ta taɓa. Busta, wato na'urar ƙara ƙarfin sigina, ba ta gyara sigina mara kyau, tana ƙara ta ne tare da dattinta, kusa da ƙarfen watsawa ko na kamfanin waya ma takan toshe dikoda. Amfaninta a waya mai tsawo ne ko inda aka raba, tunda rabo biyu yana cin dB 3.5, rabo huɗu yana cin 7.

Wayar rabo da intanet

A otal da rukunin gidaje ake samun abin da ya fi kama da kebul na asali: dish ɗaya babba, waya ta ratsa ɗakuna. Iri biyu ne, kuma a tambaya kafin a biya. Idan an sa LNB mai fitar da wayoyi huɗu zuwa akwatin rabo, kowane gida da dikodarsa, to hoton daidai yake da na mai dish ɗin kansa. Idan kuwa an tara dikodoji a ɗaki ɗaya, an mayar da hotonsu analog ana turawa, kowa yana kamawa da talabijin kai tsaye, wannan SD ne har abada. Masu jan irin wannan waya a unguwa suna karɓar kuɗi ba da izinin masu tashoshin ba suna saɓa doka, ranar da aka rufe su kuɗin wanda ya biya ya bi ruwa.

Wayar gilashi ta intanet, a unguwannin da ta kai, ita ce kebul ɗin wannan zamani. Ruwa bai dame ta ba, tana ɗaukar HD har da 4K. A yi lissafi kawai: hoto mai megabit 5 yana cin GB 2.25 a awa. Wasan ƙwallo ɗaya GB 4.5. Gida mai kallon awa huɗu kullum zai ci GB 270 a wata. Da datar waya wannan ba mai yiwuwa ba ne ga yawancin mutane, sai da layin da ba shi da iyaka, kuma kuɗin manhajar kallo daban ne. Hoton kai tsaye yana kuma makara da daƙiƙa talatin ko fiye, maƙwabci mai dish zai riga ka ihun ci.

Lissafin aljihu

Kada kuɗin dikoda ya ruɗe ka, shi ne mafi ƙanƙanta. A haɗa kuɗin kaya, da waya, da ladan mai ɗaurawa, da biyan wata goma sha biyu, sannan a kwatanta, a kuma bar rara don farashi yana tashi. A rubuta tashoshi biyar da gidan yake kallo da gaske, a nemi mafi ƙarancin tsarin da ya ƙunshe su, a tambayi dila ya nuna su a kunne a shagonsa a ga wanne ne HD. Mai son gasar Firimiya ta Ingila, SuperSport ne ke nuna ta, kuma yawan wasannin da zai samu ya danganta da tsarin da ya biya. Gidan da labarai da fina-finan Hausa da tashar yara suka ishe shi, talabijin ɗinsa bai wuce inci 32 ba, yana cikin gari, eriya ta wadatar da shi, ƙarin kuɗin dish ba zai nuna a idonsa ba. Wanda samunsa na yau da gobe ne ya duba StarTimes, yana da biyan kwana da na mako. Mai gidan kallo kuwa dish mai santimita 90 ko fiye, da rajistar kasuwanci, ba ta gida ba.

Ta fuskar wuta duk ɗaya ne: dikoda wat 10 zuwa 20, talabijin mai inci 43 wat 60 zuwa 80. Batir mai 12V da 100Ah a kan inbata zai riƙe su awa biyar ko shida ba tare da an tatse shi ba. Abin da ke ƙona dikoda dawowar wuta da ƙarfi ne da tsawa. A sa na'urar kariya mai jinkirta wuta a soket, a ja wayar ƙasa daga sandar dish ko ta eriya zuwa ƙarfen da aka binne, in hadari ya haɗo da walƙiya kuma a zare filogi da wayar sigina duka biyu, don ta wayar sigina tsawa take bi ta cinye bakin HDMI na talabijin.

Kafin ka sallami mai ɗaurawa, ka sa shi ya buɗe shafin sigina a gabanka, ka ɗauki hoton lambar ingancin da wayarka don kwatance nan gaba. Ya gwada tashoshi daga farkon jeri da tsakiya da ƙarshe, ba ɗaya ba. Ka ɗan tura gefen dish ɗin da yatsa: in ya motsa bai dawo wurinsa ba, notin bai ɗauru ba. Sannan ka jiƙa ƙyalle ka rufe bakin LNB da shi, in hoto ya ɗauke nan take babu rarar da za ta kai ka ƙarshen damina, ya koma ya sake saiti.